Gayyar da Muka Yi wa Aikin Dakta Rabi

Hafsatu, ke kika sa na ɗauki biro. Ranar da kika dawo daga biki a Kankia kin tsaya a ƙofar ɗakina, ko mayafi ba ki cire ba, kika ce wata mata ta nuna ki ta ce, "Ai 'yar Malam Bishir ce, wanda ya kai ƙarar amininsa a jami'a." Na ce miki maganar gidan biki ce, ki je ki huta. Wannan ba amsa ba ce, na sani, kuma na ga kin sani. To ga amsar, ke da ƙannenki. Shekaru sun ɗan ja, wataƙila na manta wani abu, ko na sa na baya a gaba, amma zan yi iyakar ƙoƙarina kada in gyara wa kaina labari.

Na koma karatu ina da shekara arba'in da 'yan kai. An kawo wa firamaren da nake koyarwa a Kusada kwamfutoci, aka kulle su a ɗaki don babu mai koyar da su, sai hedimasta ya ce tunda ni ne mai tsoron ɓata abu, ni ya kamata in je in koyo. Na nemi izinin karatun ƙarshen mako, aka ba ni shekaru ƙayyadaddu, aka rubuta a takarda cewa in na wuce su babu ƙari. Mu uku ne daga yankinmu a ajin. Akwai Sada, mutumin Kafin Soli, mai kula da katunan marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti. Akwai kuma Mannir, wanda kuke kira Baba Mannir, mutumin Fakuwa mazaunin Kankia, malamin makaranta kamar ni, wanda shi ne babban abokina ranar da aka ɗaura aurena da mahaifiyarku. Duk Asabar da sassafe yakan zo Kusada a babur ya ɗauke ni zuwa tashar Kankia mu shiga mota, da yamma ya mayar da ni. Shekara uku muna haka ba mu taɓa faɗuwa kwas ba, har muka zo zangon ƙarshe, inda aka ce za mu koyi gina shafin yanar gizo.

Malamar kwas ɗin, Dakta Rabi, ba ta kai ƙanwata ta biyu a shekaru ba. Ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya, kuma ina jin wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ranar farko ba ta koyar da komai ba. Ta raba mana takarda ɗaya, ta juya ga allo ta rubuta yadda za ta raba maki ɗari: talatin na aikin mako-mako, mako goma, kowane mako maki uku, arba'in na babban aiki, wato kowa ya gina shafinsa shi kaɗai daga farko har ƙarshe, talatin na jarrabawa. Aikin mako kuwa ɗora shi ake yi a shafin jami'a kafin sha biyun ranar Juma'a, da ta buga ƙofar ta rufe kanta, babu wanda za ka roƙa. Wanda bai samu rabin makin babban aiki ba ya faɗi, ko da ya cinye jarrabawa duka. A ƙasan takardar akwai layi biyu da ta ja wa ja: aikin da ya yi kama da na wani, duka biyun sifiri ne, kuma za a miƙa sunayen ga kwamitin satar jarrabawa.

"Awa uku kuke da ni ran Asabar," in ji ta. "Kowace awa ɗaya da ni tana son awa uku ba ni. Awa tara ke nan a mako, hannunku a kan kwamfuta. Ba karanta littafi ba, ba kallon wani yana yi ba. Wanda ya san ba shi da awa tara ya faɗa mini yau."

Babu wanda ya ɗaga hannu. Mannir ya sunkuyo ya raɗa mini, "Kai Bishir, wagga yarinya halan ta ɗauka ba mu da mata da gona?"

Ni ban yi dariya ba, lissafi nake yi a bayan takardar. Makaranta daga safe har azahar, kwana biyar. Damina ta faɗi, ga gonar Baba a Yashe, ni ne babban ɗa, kuma ƙafarsa ta fara ciwo. Kwamfutocin makarantarmu manya ne masu son wuta, wutar kuwa sai ta ga dama. Ba ni da laftof. Na juya lissafin ta kowace fuska, awa huɗu nake samu, in na matsa biyar. Na so in ɗaga hannu, har na ɗan ɗaga shi daga kan tebur, sai na duba na ga samarin ajin, 'ya'yan cikinmu, kowa da laftof ɗinsa a buɗe, na mayar da hannun na sosa kunne.

Mako biyun farko na ɗora aikina saura minti kaɗan ƙofa ta rufe, a wani shagon kwamfuta a Kankia, gumi yana ɗiga a kan maɓallan. Na samu maki ɗaya cikin uku, sannan ɗaya da rabi. Mannir bai ɗora na mako na biyu ba sam, ya je ta'aziyya Fakuwa. A mota muna dawowa ya buga cinyarsa.

"Wai mu ba manoma ba ne? Yaushe mutum ɗaya ya taɓa gama noman fari shi kaɗai kafin ciyawa ta cinye shi? Gayya za mu yi. Litinin gonar Bishir, Talata ta Sada, Laraba tawa. Mu ukun mu faɗa ma aikin mutum ɗaya mu tashe shi, gobe mu koma na wani."

"Amma takardar ta ce kowa shi kaɗai," na ce.

"Ta ce kada aiki ya yi kama da na wani. Gonarka gero, tawa dawa, ta Sada wake. Ina kamar?"

Gaskiya ne shafukanmu sun bambanta. Nawa na rajistar yara ne a firamare, na Sada na karɓar kati a asibiti, na Mannir na masu sayar da hatsi. Na ce to, ina jin ba laifi, amma mu yi a hankali. Sada ya ce ai ni ko ruwa zan sha sai na ce masa mu yi a hankali.

Ina so ku fahimci yadda gayyar ta kasance, don a nan ne komai yake. Ƙanin Mannir yana da shagon cajin waya mai sola a Kankia, da ɗan ɗaki a baya. Laftof ɗin na Mannir ne, shi kaɗai ke da shi a cikinmu. Bayan azahar yakan zo ya ɗauke ni, ya sayo mana fura da nono wurin matan Fulani da ke zama bakin tasha, ya sa wa wayarsa data mu jona, ya kori masu leƙe. Sada yana da ido, shi ke zaɓen launi da hotuna, ya kuma gano inda na manta rufe baka, alamar nan mai lanƙwasa da ake buɗewa a rufe a rubutun shafi. Ni ne mai zama a kujera. Ba don na fi su ƙwaƙwalwa ba, ina jin don ni ne ba na gajiya da sake duba abu sau goma. Mannir yakan zauna na minti biyar, shafin ya ƙi buɗewa, sai ya miƙe ya ce, "Malam, zo ka yi mashi addu'a, ni bari in duba babur." A gona babu wanda zai ce mai kawo ruwa da mai kiɗa ba su yi gayya ba. Haka muka ɗauke shi, kuma har ga Allah haka na ɗauke shi a makonnin farko. Maki ya tashi, uku-uku muke samu. Sai dai kuma awa taran da Dakta ta ce, ni nake yin su, har da ƙari, a kan kwamfutar Mannir, shi kuwa yana bakin ƙofa yana tsare mini wuri.

Akwai wata ɗabi'a tawa da ya kamata in bayyana. A rubutun umarnin da ake gina shafi da shi, wanda muke kira kod, akwai alamar da in ka sa a gaban layi kwamfuta ba ta karanta shi. Na mutum ne kawai, don ya tuna wa kansa wani abu. Dakta ta ce mu riƙa amfani da ita. Ni kuwa duk inda na yi abin da ban tabbatar ba sai in bar wa kaina saƙo da Hausa. Kowane shafi cikin ukun yana da fom da mutum zai cike, kowane fom yana son lambar waya, kuma dole shafin ya ƙirga ya ga lambar ta cika sha ɗaya kafin ya karɓa. Wannan wurin ya wahalar da ni ƙwarai. Ran Litinin na samu ya yi aiki a nawa, ran Talata na sake rubuta shi a na Sada, ran Laraba a na Mannir. Ban kwafa ba, da hannuna na sake bugawa kowane karo, har ina jin daɗin cewa na kiyaye doka.

Mahaifiyarku ce ta fara ganin ba na cin abinci sosai. Na karanta mata layukan nan biyu masu jan layi, na fassara mata.

"To ka tambayi malamar mana," ta ce. "Ka ce mata ga yadda kuke yi, ya halatta ko bai halatta ba?"

"In ta ce bai halatta ba fa?"

"Au, ashe ka san amsar."

Ta ɗauke kwanon ta ce, "Malam, kai fa ka sa ɗan maƙwabta ya durƙusa a rana don ya leƙa littafin wani."

A mako na takwas Dakta Rabi ta shigo aji ta kunna majigi, ta ce yau za ta nuna mana wani abin sha'awa. Ta jera kod uku a allo gefe da gefe, ta rufe sunayen masu su. Tun kafin ta ƙara girman rubutun na gane nawa, kamar yadda mutum ke gane takalminsa a ƙofar masallaci. Ta nuna layi ɗaya a na farko, ta nuna shi a na biyu, ta nuna shi a na uku, a daidai wuri ɗaya, a saman inda ake ƙirga lambar waya. Sannan ta karanta shi a hankali:

"Ina jin haka ne, amma a sake dubawa."

Sai wani yaro daga baya ya ce, "Wallahi Baba Bishir ne!" Dariya ta fashe. Duk sun san ni, haka nake amsa kowace tambaya a aji. Na ji kamar an zuba mini ruwan randa a baya. Ban iya juyawa na dubi Mannir ba, amma ina jin ƙafarsa tana kaɗawa a ƙarƙashin benci. Dakta ba ta yi dariya ba, ba ta kuma kira suna ba. Ta kashe majigin ta ce masu waɗannan ayyuka uku sun san kansu, su same ta a ofis Asabar mai zuwa bayan darasi, sannan ta ci gaba da koyarwa kamar ba a yi komai ba.

Ban taɓa yin mako irin wannan ba, kafinsa ko bayansa. Akwai wani allon sanarwa mai gilashi a ƙofar sashenmu inda ake liƙa sunayen waɗanda kwamiti ya kora, da laifin kowa a gaban sunansa. Shekara uku ina wuce shi ina kawar da kai don tausayin masu sunan. A makon nan ko ina tsaye gaban 'yan aji huɗu ina koyar da lissafi, allon nake gani. Ina ganin wani ɗan Kusada ya ɗauki hotonsa a waya, ina ganin hoton ya iso majalisar ƙofar gidan hedimasta kafin ni in iso. Sau biyu na rubuta kwanan wata ba daidai ba a allo, yara suka gyara mini. Ke Hafsatu kina 'yar aji uku lokacin, kin kawo mini littafinki in sa hannu, kika ce, "Baba, ba nan ake sa hannu ba." Na ce zazzaɓi ne.

Ran Laraba muka haɗu a ɗakin bayan shago, babu fura ranar. Mannir ya riga ya shirya magana.

"Za mu ce a intanet muka samu misalin, wani Bahaushe ya ɗora, kowa ya ɗauko nashi bai san ɗan'uwansa ya ɗauko ba. Laifin ganganci ke nan, ba na haɗa baki ba. Ta rage mana maki uku a wuce wurin."

"In ta ce mu nuna mata shafin fa?" na ce.

"An goge shi."

"Ai duk aji sun ce maganata ce."

"Kai kaɗai ke cewa 'ina jin' a ƙasar Hausa? Bishir, don Allah, ran Asabar ɗin nan kawai, ka bar mani bakin. Kai dai ka riƙa gyaɗa kai. Ka iya gyaɗa kai ai?"

Na ce ina jin zan iya. Ya dafe kai ya ce, "Ka ji ko! Ya sake."

Ran Alhamis na je Yashe. Na tarar da Baba, kakanku, a gindin bishiyar bakin gona yana gyara ƙotar fartanya. Ban yi niyyar faɗa masa ba, amma ya dube ni sau ɗaya ya ce in zauna. Na ba shi labarin yadda zai gane: an ba kowa gonarsa an ce ya nome shi kaɗai don a ga ƙarfinsa, mu kuma muka yi gayya.

"To mene ne laifin gayya?" ya ce.

"Sun ce sata ce, Baba."

"Kun ɗauki na wani?"

"A'a."

"To ka je ka hwaɗa mata gayya kuka yi. In ba ta san gayya ba ka bayyana mata. Amma kada ka yi mata ƙarya, ba ka iya ba, tun kana yaro kunnenka ke tona ka." Ya ci gaba da fiƙe ƙotar, can ya ƙara da cewa, "Kuma tare kuka shiga, ku fito tare."

Na riƙe rabin maganarsa na farko. Rabin na biyu ne na yar, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Ofishin Dakta Rabi ƙarami ne, kujerun baƙi biyu, don haka Sada ya tsaya a jikin ƙofa. Mannir ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da aiki da ruwa, sannan ya kawo labarin intanet ɗin tiryan-tiryan, har ni na kusa yarda. Ta saurare shi har ƙarshe ba ta katse shi ba. Sannan ta juyo.

"Malam Bishir, haka ne?"

Na gyaɗa kai kamar yadda aka ce. Ta ci gaba da kallona. Na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

"Ina jin... ba daidai haka ba ne, Dakta."

Na ji Mannir ya saki numfashi. Na faɗa mata komai: Litinin, Talata, Laraba, ɗakin bayan shago, laftof ɗaya. Na ce ba mu ɗauki aikin kowa ba, gayya muka yi irin ta gona, saboda awa tara ba ta samuwa ga mai iyali. Ban ce ni ke zama a kujera ba, ban ce Mannir ba ya zama ba. Har nan, in an ce na yi laifi, ina iya kare kaina.

"Na san gayya," ta ce. "Mahaifina manomi ne. Amma a gayya buhun da aka samu ake aunawa. Ni ba shafi nake aunawa ba, mutum nake aunawa. Ranar farko na tambayi wanda ba shi da awa tara."

Ta jawo durowa ta fito da wata takarda mai tambarin jami'a da gurabe uku na suna. Ta cire murfin biro. Ta tambayi Sada lambar rajistarsa, ya faɗa, ta rubuta. Ina kallon bakin biron yana tafiya, ina ganin allon nan mai gilashi. Sai na ji muryata, ta fito da sauri, babu "ina jin" a cikinta:

"Dakta, ki gwada mu. Ɗaya bayan ɗaya, yanzu, a gabanki. Wanda ya iya ai za ki gani."

Ta dakata. Ta dube ni, ta dubi Mannir. Shi bai dube ni ba, tafin hannunsa yake kallo.

Ga abin da matar gidan biki ba ta sani ba, Hafsatu. Ban kai ƙarar Mannir ba, ban ambaci sunansa da laifi ko sau ɗaya ba. Amma lokacin da na buɗe baki na faɗi wannan magana, na san sarai wanda zai iya da wanda ba zai iya ba. Mako shida ina kallonsa yana tashi daga kujerar nan. Na nemo ƙofar da ni kaɗai na tabbata zan wuce ta, na roƙi a buɗe mana ita mu uku.

Ta mayar da murfin biron. Ta ce makin makonni shida na gayya ya tafi, mu duka. Takardar kwamiti za ta koma durowa. Babban aiki kuwa yanzu za a yanke shi: za ta buɗe shafin kowa, ta goge wurin da ke ƙirga lambar waya, ta ba shi rabin awa ya mayar. Ni na fara. Yatsuna sun san hanya, sau uku suka bi ta. Cikin minti goma sha wani abu fom ɗin ya ƙi lamba goma ya karɓi sha ɗaya. Sada ya cinye rabin awarsa duka, ya samu ya yi aiki rabi-rabi, ta ce ya isa. Sannan Mannir ya zauna, a gaban laftof ɗinsa, wanda ya saya da kuɗin gyaɗarsa. Ta ce mu jira a waje. Ta tagar ina hango bayansa. Ya buga layi ɗaya, ya goge. Ya cire hula ya ajiye a cinya. Bai kai minti goma ba ya rufe laftof ɗin a hankali, ya miƙe, na ji ya ce, "Dakta, kada in ɓata maki lokaci."

Da muka sauka a tashar Kankia na ce zan nemi ɗan acaɓa. Ya tayar da babur ya ce, "Hau." Har Kusada ina bayansa, jakar laftof ɗin tana tsakanina da shi, ina riƙe da ita kada ta faɗi. A ƙofar gida na sauka na fara cewa, "Mannir, ina jin..." Ya ɗaga hannu.

"Gaskiyar da ka hwaɗa ban ji haushinta ba, na san ba ka iya ƙarya. Ɗayar ce."

Ya juya babur ya tafi.

Na ci kwas ɗin da maki mafi ƙanƙanta da na taɓa samu, Sada ma haka. Mannir ya faɗi. Kwas ɗin sau ɗaya ake yin sa a shekara, izininsa kuwa ya ƙare tare da nawa, bai koma ba. Shekara uku da rabi na Asabar ɗinsa suka tafi a kan maki arba'in. Ranar da na je Dakta Rabi ta sa mini hannu a takardar kammalawa ta tambaye ni shi. Na ce yana nan lafiya. Tana sa hannun, ba ta ɗago ba, ta ce, "Ka san da kun roƙi mako biyu kowa ya sake aikinsa, da na ba ku. Jira nake wani ya roƙa." Ko da gaske take, ko ta faɗa ne don in ji, ban sani ba. Mako biyu da ni a gefensa, shi a kujera, wataƙila da ya iya, wataƙila da bai iya ba. Ban ba shi damar mu gani ba.

Damina ta zagayo, Baba ya kira gayya a Yashe don ƙafar ta ƙi. Ban aika wa Mannir ba, kunya ta hana ni. Muna jera kunyoyi da hantsi sai ga ƙarar babur ɗinsa. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya kwance fartanya daga bayan babur, ya kama kunyar da ke kusa da tawa. Shi manomi ne na gaske, ni alli ya lalata mini hannu. Kafin in kai rabi ya kai ƙarshe. Kun san al'adar, wanda ya riga fita yakan juyo ya tari na baya. Ya juyo ya kama kunyata daga can ƙarshen, yana nomowa ina nomawa, har fartanyarsa ta taɓa tawa. Muka miƙe muna haki, fuska da fuska. Na buɗe baki. Ya goge bakin fartanyar da ƙafa, ya saɓa ta a kafaɗa, ya wuce. Mahaifiyarku ta bi shi da ƙwaryar fura har bakin hanya tana cewa, "Baba Mannir, ko kurɓi ɗaya." Ya ce ya gode, yana sauri. Baba yana zaune a gindin bishiya yana kallo, bai tambaye ni komai ba, ranar ko bayanta.

Tun daga nan muna gaisawa. Ya zo sunan ƙaninki Abba, ya zo jana'izar Baba, ya ɗauki makara. Bai sake cin komai a gidan nan ba. Na je shagon ƙaninsa sau uku da niyyar in faɗi abin da na rubuta a nan, duk ukun na ƙare da tambayar kuɗin caja.

Saboda haka in kun haɗu da Baba Mannir ku durƙusa har ƙasa. Takardar digirin da ke cikin akwatina a kan kwamfutarsa aka koye ta, yana tsaye a bakin ƙofa. In wani ya sake ce muku ubanku ya kai ƙarar amininsa, ku ce bai kai ba, amma kada ku ce bai yi komai ba. Na sake karanta waɗannan shafuka kamar yadda na saba, na ga "ina jin" da "wataƙila" sun cika su, kuma na bar su, don haka nake. Wuri ɗaya ne kawai na duba na ga ba ya bukatar a sake dubawa: lokacin da na ce ta gwada mu, na san ba zai iya ba.